Kama da Wane Ba Ta Wane: Lacca kan Koyar da Harshe da Adabi ga Yara Masu Jin Kiriyol

 

Yau nesa da gida zan kai ku, tsibiran Karebiyan, musamman Jamaika da Haiti, domin a can ne wata matsala ta aji ta fi fitowa fili. Yaro ya zo makaranta da harshen da ya sha a nono. Makaranta tana da nata harshen, wanda da shi ake rubuta littafi da jarrabawa da takardar neman aiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ma haka muka tarar. Bambancin shi ne a can harsunan biyu sun yi kama ƙwarai, har malami da uba da shi kansa yaron suna ɗauka abu guda ne, ɗaya gyararre, ɗaya gurɓatacce. Abin da na zo in kafa hujja a kansa shi ne wannan kamannin ne ke kayar da yaran, kuma aikin farko na malami shi ne ya ja layi tsakanin harsunan, ya kira kowanne da sunansa. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Bari in fara da yadda harshen ya samu. A 1655 Turawan Ingila suka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniyawa, ba a jima ba suka mayar da tsibirin gonakin rake. Rake yana son hannu da yawa, sai aka shiga jigilar bayi daga Afirka: mutanen Akan daga ƙasar da yau ake kira Ghana, Ibo da maƙwabtansu daga kudu maso gabashin Nijeriya ta yau, da mutanen yankin Kwango. Aka tara su a gandu ɗaya, wannan ba ya jin yaren wancan, ga mai tsaron gandu yana ba da umarni da Turanci, Turancin ma ba na littafi ba, na talakawan Birtaniya. Daga wannan cakuɗa wata magana ta tashi, 'ya'yan da aka haifa a gandun suka buɗi baki da ita. Duk maganar da ta samu ta irin wannan hanya har ta zama harshen uwa ga wata al'umma, ita masana ke kira Kiriyol. Mutanen Jamaika suna kiran tasu Patwa. A Haiti, inda Faransa ta yi mulki har bayi suka kore ta suka kafa ƙasarsu a 1804, daga Faransanci aka ɗebo kalmomin, sunan harshen kuma Kreyòl.

Akwai wani ɗan labari da ya kamata mu masu ajami mu sani. Cikin waɗanda aka kai Jamaika akwai wani malami haifaffen Timbuktu, Abubakar Siddiƙu, wanda ya samu 'yanci a 1834 da taimakon wani alƙali Bature mai suna Richard Madden. An ruwaito cewa wannan bawan Allah shi ke riƙe wa ubangidansa lissafin kaya, yana rubutawa da maganar bayin tsibirin amma da baƙaƙen Larabci. Wato fiye da shekara 100 kafin masana su fara gardamar ko Patwa tana rubutuwa, wani almajirin yankinmu ya riga ya ɗora ta a takarda.

Yanzu mu shiga aji. Mu ɗauka aji biyu ne na firamare a wani ƙauye cikin tuddan Jamaika. Malama ta ɗaga hoton yara suna tsere, ta ce wa wata yarinya ta faɗi abin da ta gani. Yarinya ta ce: "Di bwai dem a ron." Mai jin Turanci zai tsinci kalmomin da ya sani a ciki, ya ce ai Turanci ne aka kakkarya. Amma ku saurare ta da kunnen Bahaushe. "Bwai" yaro ne. "Dem" da ta biyo baya ita ta mayar da shi yara, ba a liƙa wa sunan komai a wutsiya ba. Ƙaramar "a" ɗin nan kuwa, aikinta irin na "na" ne a cikin "suna": yaran suna gudu. In yarinyar ta cire ta, ta ce "di bwai dem ron", magana ta koma yaran sun gudu, an gama. In ta ce "di bwai dem a go ron", za su gudu ke nan. Kun ga ashe tsarin ya fi kusa da namu: aikatau yana zaune yadda yake, ƙananan kalmomin da ke gabansa ne ke nuna lokaci.

Ga inda gizo ke saƙa. A littafin karatu yarinyar nan za ta ga an rubuta "the boys run". A kunnenta wannan jimla tata ce, ma'anarta kuma sun gudu. A Turanci kuwa ma'anarta sukan yi gudu. Ba ta san akwai saɓani ba, don ba abin da ya yi mata baƙo. Ran da aka ce ta rubuta labarin abin da ya faru jiya, sai ta jero aikatau tsirara, babu ɗafin shuɗaɗɗen lokaci ko ɗaya. Malama ta bi shafin da jan biro, ta rubuta a ƙasa cewa yarinya ba ta mai da hankali. Alhali ta mai da hankali sosai. Dokar harshenta ta bi daga farko har ƙarshe, ba ta karya ko ɗaya ba. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mata shi ne dokokin biyu ne, kuma a wannan shafin ɗayar ake nema.

Ɗan Bahaushe da ya shiga aji ɗaya a Gumel ko Tasawa yana da tasa wahalar, mai tsanani ma. Amma ba wanda zai ce masa Hausarsa lalataccen Turanci ce ko lalataccen Faransanci. Tun ranar farko ya san abu biyu ne a gabansa. Haka ɗalibin zaure: malam ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, ya ba da Hausarsa, ɗalibi yana ganin inda wannan ya tsaya wancan ya tashi. Yaron Jamaika wannan iyakar ce ba a nuna masa ba. Abin ya ƙara rikicewa domin daga Patwar manomin ƙauye zuwa Turancin mai karanta labarai a rediyon Kingston akwai matakai da yawa, mutum ɗaya yakan hau ya sauka gwargwadon wanda ke gabansa. Masani David DeCamp ya bayyana wannan jerin matakai a 1971. Malama kanta, in ranta ya ɓaci a aji, da Patwa take tsawa, ta juya ta ce wa yara su daina yin ta.

Mutumin da ya fi zama ya yi wa wannan matsala tunanin malamin aji shi ne Dennis Craig, ɗan ƙasar Guyana, wanda ya daɗe yana aiki a Jami'ar West Indies da ke Mona a Jamaika. Craig ya lura cewa Turanci a wurin irin wannan yaro bai zama harshen uwa ba, bai kuma zama baƙon harshe ba. Ya kasa abin da yaron ya sani na Turanci gida huɗu. Akwai sigogin da yake amfani da su kullum, domin sun zo daidai da na Kiriyol. Akwai waɗanda ba ya fito da su sai an matsa masa, misali in hedimasta ya tsare shi da tambaya. Akwai waɗanda yake ganewa in an faɗa amma shi ba ya iya faɗarsu. Sai kuma waɗanda bai san su ba sam, sai dai ya yi hasashen ma'ana daga yanayin magana. Mai kallo daga waje zai ga yaro yana gyaɗa kai, ya ɗauka komai ya shiga.

Daga nan Craig ya nuna dalilin da ya sa hanyoyin koyarwa biyu da aka sani duk suke gazawa. In ka koyar da shi kamar ɗan Landan, ka ɗauka yana da abin da ba shi da shi, ka yi ta gyaran rubutu a kan ginin da ba a aza ba. In kuma ka koyar da shi kamar baƙo, ka sa shi maimaita gaisuwa da sunayen kayan ɗaki, sai ya gaji ya ce ai na san wannan, ya rufe kunne, har a zo wurin da bai sani ba yana barci. Don haka Craig ya ce sai malami ya san nahawun Kiriyol da kansa, ya gane takamaiman wuraren da harsunan suka rabu, ya kashe lokacinsa a kansu. Ya tattara wannan tunani a littafinsa na 1999 kan koyar da harshe da karatu a irin waɗannan ƙasashe.

Kafin Craig, sai da wasu suka share fage da tabbatar da cewa Patwa harshe ce mai doka. Frederic Cassidy ya fitar da Jamaica Talk a 1961, Beryl Loftman Bailey, 'yar Jamaika, ta rubuta nahawun jimlar Patwa a 1966, sannan Cassidy da Robert Le Page suka fitar da ƙamus a 1967. Amma abin da ke cikin littafin jami'a yakan daɗe bai isa aji ba. Abin da ya riga shi isa bulala ce da ba'a. Dattawan da suka yi makarantar Faransa a Nijar sun san sambol, wannan abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana yin harshen gida, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. A Haiti ma an yi shi. A Nijeriya kuwa mun san tarar da ake ci wa mai yin yare a harabar makaranta. Sakamakon ko'ina ɗaya ne: yaro ya gane cewa shiru ya fi masa lafiya. Wanda kuwa ba ya magana a aji, malami ba shi da hanyar sanin abin da ya fahimta.

To, in an gwada wata hanya, me aka gani? Wani masani mai suna Jeff Siegel ya bi diddigin shirye-shiryen da aka yi a ƙasashe daban-daban. Wasu da Kiriyol suke fara koyar da karatu da rubutu. Wasu suna barin yaro ya yi magana da ita ne kawai ba tare da an hukunta shi ba. Wasu kuma suna mayar da ita darasi, a kwatanta ta da harshen makaranta a fili. Abin da ya samu shi ne babu shaidar cewa shigo da Kiriyol aji yana hana yaro koyon daidaitaccen harshe, a wurare da dama ma taimakawa ya yi. Wannan ya rushe babban tsoron da ake yaɗawa, cewa duk awa ɗaya da aka ba Kiriyol asara ce ga Turanci.

A Jamaika, a 2001 ma'aikatar ilimi ta fitar da daftarin manufa da ya amince cewa ƙasar mai harshe biyu ce, amma ya bar Turanci a matsayin harshen koyarwa da rubutu. A 2002 aka kafa sashen kula da harshen Jamaika a Mona ƙarƙashin Farfesa Hubert Devonish. Daga 2004 zuwa 2008 wannan sashe ya gudanar da gwaji a 'yan makarantun firamare: ana koyar da darussa da harsunan biyu, ana karanta su ana rubuta su, daga aji ɗaya zuwa aji huɗu. Masu aikin sun ruwaito cewa Turancin yaran bai koma baya ba in an gwada su da takwarorinsu, ga kuma ƙarin iya rubuta harshensu. A 2005 sashen ya tambayi mutum 1,000 a faɗin tsibirin, mafi yawansu suka ce makaranta mai harshe biyu ta fi. Duk da haka gwajin bai zama tsarin ƙasa ba. Kuma gaskiya ce gwajin ƙarami ne, ga masana jami'a tsaye a kansa, abin da makarantar ƙauye ba za ta samu ba. Wanda ya ce ya warware komai ya yi zuƙu. Abin da ya nuna shi ne abu mai yiwuwa ne kuma ba ya cutarwa.

Haiti kuwa darasinta ya fi ɗaci. A can kowa yana jin Kreyòl, ƙalilan ne ke iya Faransanci sosai, amma shekara da shekaru da Faransanci ake koyarwa, yara suna haddace shafi suna rerawa ba su san abin da ke ciki ba. A 1979 ministan ilimi Joseph Bernard ya kawo gyara: a koyar da Kreyòl a shekaru huɗu na farko, a shigo da Faransanci a matsayin darasi. Aka tsayar da ƙa'idar rubutu ta hukuma. Tsarin mulkin 1987 ya ɗora Kreyòl kusa da Faransanci a matsayin harshen hukuma. A 2014 aka kafa hukumar kula da harshen. A takarda ba abin da ya rage. Amma Bernard bai daɗe a kujerarsa ba, littattafai ba su wadatu ba, ba a horar da malamai yadda ya kamata ba, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makarantun ƙasar ba na gwamnati ba ne, masu su kuwa Faransanci suke tallatawa domin shi iyaye ke biya wa kuɗi.

Inda aka yi abin da gaske, an ga amfaninsa. A tsibirin La Gonâve akwai wata makarantar al'umma a ƙauyen Matènwa, da aka kafa a 1996, wadda ke koyarwa da Kreyòl. Yaran can da kansu suke rubuta ƙananan littattafan labari, su yi musu zane, a buga a ba wasu yaran su karanta. Farfesa Michel DeGraff, ɗan Haiti da ke koyarwa a MIT a Amurka, ya auna karatunsu ya ga sun fi takwarorinsu saurin karatu da fahimtar abin da suka karanta.

A nan dole in tsaya kan iyaye, domin a duk waɗannan ƙasashe talakawa suna cikin waɗanda suka fi ƙin gyaran. Ni ba na cikin masu yi musu kallon jahilai. Uwar da ke sayar da doya a kasuwar Kingston, in ka ce mata za a koya wa ɗanta Patwa, za ta ce maka ai da ita ya zo, ni Turanci na tura shi ya samo. Ta kuma lura cewa manyan da ke wannan wa'azin 'ya'yansu da Turanci suka tashi. Tana zargin ana so a bar nata ɗan a inda aka same shi ne, kuma tarihi yana bayanta. Ba a amsa wannan zargi da jawabi kan martabar al'ada. Amsarsa ɗaya ce: a nuna mata takardar ɗanta, ta ga Turancinsa ya fi na ɗan maƙwabciyarta. Duk shirin da ya ɗaukaka Kiriyol ya bar yaro ba Turanci ya ci amanar wannan uwa, ko da masu shi sun yi da kyakkyawar niyya. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya fahimci wannan lokacin da ya fara gwajin koyarwa da Yarbanci na shekara shida a Ife a 1970: sai da ya tanadi ƙwararrun malaman Turanci a cikin shirin.

Yanzu mu zo ga adabi, wanda a ganina nan ne malami ya fi samun filin aiki, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Yaron Karebiyan na zamanin mulkin mallaka waƙoƙin Ingila ya haddace, na furanni da yanayin da bai taɓa gani ba. Mawaƙin Barbados Kamau Brathwaite ya koka a littafinsa History of the Voice na 1984 cewa yaransu sun fi iya siffanta zubar dusar ƙanƙara fiye da guguwar teku da ke yaye musu rufin ɗaki, domin ta farkon ce kawai aka ba su kalmomi da karin waƙarta. Ya ƙi kiran maganar mutanensa karin harshe, ya raɗa mata suna harshen al'umma.

Ku dubi Louise Bennett, wadda duk Jamaika ke kira Miss Lou, an haife ta a 1919 ta rasu a 2006. Ta shafe rayuwarta tana rubuta waƙa da Patwa, da muryar matan kasuwa da fasinjojin mota da maƙwabta masu gulma ta kan shinge. Jama'a suna sonta, suna haddace waƙoƙinta, amma masu faɗa a ji a harkar adabi sun daɗe suna ɗaukarta mai ban dariya ce kawai. Sai a shekarun 1960 da Mervyn Morris ya rubuta maƙala yana cewa a karanta ta da gaske, aka fara ganin irin sarar da take yi wa mulkin mallaka da masu kwaikwayon Bature a ƙarƙashin raha. Littafinta Jamaica Labrish ya fito a 1966. Yau yaran makaranta suna rera waƙoƙinta a gasa. To amma a nan akwai tarko. In Patwa ba ta shigowa makaranta sai ranar biki, a ɗaura wa yarinya ɗankwali ta hau dandamali a yi dariya a tafa, gobe a koma jan biro, abin da yaro ya koya shi ne harshensa na wasa ne, ba na tunani ba.

Marubutan yankin sun san wannan tarko, sun kuma yi aikin karya shi. A Haiti, Félix Morisseau-Leroy ya ɗauki Antigone, tsohon wasan tausayi na Girkawa, ya mayar da shi Kreyòl a 1953, don a ga harshen yana iya ɗaukar kuka da mutuwa da gardama da mai mulki. Frankétienne ya fitar da Dézafi a 1975, ƙagaggen labari cikakke da Kreyòl. Sam Selvon na Tirinidad ya ce ya fara rubuta The Lonely Londoners da daidaitaccen Turanci abin ya ƙi tafiya, sai da ya ba mai ba da labarin muryar 'yan ci-ranin da kansu sannan littafin ya miƙe, ya fito a 1956. A 2012 aka fitar da Sabon Alkawari da Patwa, abin da ya tayar da ƙura a coci-coci da jaridu. A 2015 Marlon James ya ci kyautar Booker da littafin da babban ɓangarensa da muryoyin unguwannin Kingston aka rubuta. Malamin yau ba zai ce ba shi da abin koyarwa ba.

Yaya zai yi amfani da su? Mu ɗauki gajeren labari irin na Olive Senior, wadda tarin labaranta Summer Lightning ya fito a 1986, inda yara da kakanni da fastoci da 'yan birni ke magana kowa da irin bakinsa. Malami ya raba allo gida biyu. Ya tambayi aji: wa ke yin Patwa a nan, da wa yake yi, a ina ya sauya, me yake nema da ya sauya? Yara sun fi malami sanin amsar, domin sun sha ganin uwarsu ta canza murya in ta shiga banki. Nan take yaron da ake cewa daƙiƙi ya zama masani, hannu ya tashi a bayan aji. Daga nan sai a ɗauko jimla ɗaya a rubuta a wannan gefen, a nemi 'yar'uwarta a wancan gefen, a ja layi ƙarƙashin abin da ya canza: nan jam'i, nan lokaci, nan wakilin suna. Nahawu ya shigo ba tare da an zagi kowa ba.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa, kuma ina ganin shi ne ma'aunin malamin da ya gane. Fassarar ta tafi ta dawo. In kullum daga Patwa ake mayarwa Turanci, har ana cewa a gyara, to tsohon darasin ne aka sake wa riga. A ba yara sakin layi daga littafin kimiyya ko wani jawabi na Shakespeare a ce su mayar da shi Patwa. Wanda bai fahimta ba ba zai iya ba, don haka malami ya samu gwajin fahimta da haddar baki ba ta iya tsallakewa. Yaran kuma za su ci karo da wuraren da Patwa ta fi Turanci daidaito, misali tana da "yu" na mutum ɗaya da "unu" na jama'a, kamar yadda muke da kai da ku, inda Turanci yake da kalma ɗaya tak.

Jarrabawa ma ta ɗan motsa. Hukumar jarrabawar Karebiyan, CXC, da aka kafa a 1972 don ta maye gurbin jarrabawar Ingila, ta shigo da marubutan yankin cikin manhaja. A babban matakinta akwai darasin nazarin sadarwa inda ake tambayar ɗalibi ya fayyace siffofin Kiriyol da dalilin da ya sa mai magana ya zaɓe ta. Sai dai wannan yana zuwa ne a ƙarshen sakandare, bayan an riga an tankaɗe mafi yawan yaran da suka fi buƙatarsa.

Batun rubutu zan taɓa shi a gurguje. Marubuta da yawa suna rubuta Patwa da ƙa'idar Turanci, suna yayyafa alamar ɗauke harafi ko'ina, shafi ya fito kamar Turancin da ɓera ya ci. Tsarin Cassidy kuwa kowane sauti da harafinsa, shi na yi amfani da shi a misalan da na kawo. Yaro yana saurin kama shi, kuma yana sa ido ya ga cewa wannan wani harshe ne dabam. Manya da suka saba da Turanci su ne ke cewa yana musu wuya. A Haiti an shafe shekaru ana rigima kan haruffan k da w, wasu na cewa na Amurkawa ne, a bar rubutu ya yi kama da Faransanci. Mu da har yau Nijeriya ke rubuta 'y Nijar na rubuta ƴ, ba mu da bakin yi musu dariya.

Ina wannan ya shafe mu? Ta hanya biyu. Ta farko, a Warri da Sapele da wasu unguwannin Fatakwal da Legas akwai yaran da Turancin buroka ne harshensu na farko, haka ma wasu 'ya'yan bariki da Sabon Gari a nan arewa. Halinsu a aji shi ne halin yarinyar da na siffanta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma buroka ba ta samu gurbi a manhaja ba, ko da yake BBC ta buɗe sashe da ita a 2017, marigayi Mamman Vatsa ya wallafa waƙoƙi da ita, Achebe kuma ya sa ta a bakin mutanen littattafansa.

Ta biyu ta fi kusa, ta kuma fi nauyin faɗa. A ajin Hausa mu ne masu jan biron. Yaron da ya tashi a zangon Kumasi ko wata unguwa a Jos yana iya zuwa da Hausar da ba ta rarrabe namiji da mace yadda ta Kano ke yi. Basakkwace yana zuwa da tasa sigar, tsohuwa mai asali. Waɗannan ba Kiriyol ba ne, kar a fahimce ni a karkace, amma abin da ke faruwa a kan takarda iri ɗaya ne: yaro ya bi dokar da ya sani, malami ya soke, ba a gaya masa akwai doka ta biyu ba. Daidaitacciyar Hausa dole a koyar da ita, da ita ake jarrabawa da jarida. Abin da nake roƙon kwalejojin horar da malamai shi ne zangon karatu ɗaya tak, inda mai shirin zama malamin Turanci zai zauna ya rubuta nahawun burokar da ɗalibansa ke yi, mai shirin zama malamin Hausa kuma ya rubuta na karin harshen garin da za a tura shi, kowa ya fito da jerin wurare goma da maganar yaran ta rabu da ta littafi. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko kuɗin ƙasar waje, shugaban sashe ma yana iya sa shi a jadawalin baɗi.